Kawu Alƙasim da Wayar da Aka Shafe da Fenti

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba na shekarar 2025, jim kaɗan bayan azahar, Allah ya karɓi ran kawuna Alƙasim Isufu, mai gyaran wutar mota a Tamaske. Ya kwana huɗu a asibiti da ƙuna a fuska da ƙirji da hannuwa biyu. An kawo shi gida, an kai shi makwancinsa kafin rana ta faɗi.

Sunana Zuhura, ɗiyar ƙanwarsa. Shekarata sha huɗu, kuma a aji shida karatuna ya tsaya. Waɗanda suka san ni sun san ba ni da baki. Ko gaisuwa zan yi, ƙasa nake kallo. Na rubuta wannan a cikin tsohon kayena na lakwal, wato littafin rubutuna na makaranta, na ba Karima ɗiyar marigayin ta sa a waya, don 'yan Tamaske na gida da na Abijan da na Libiya su karanta. In kun ga kuskure a rubutun ku yi haƙuri da shi. Abin da ke cikinsa babu kuskure.

Kawu, yau kwananka tara a ƙasa, kuma ba a bar ka ka huta ba. A wurin zaman makokinka, kan tabarmar da aka shimfiɗa don yi maka addu'a, na ji da kunnena ana cewa tsufa ne ya kama ka, idonka ya rage, ka haɗa wayoyi ba daidai ba, motar Alhaji Mahfuzu da kake gyarawa ta kama wuta. Wasu sun ce shekara ashirin motar ta yi ƙarƙashin tsamiya, ba a tada irinta ba a nemi izinin masu wurin ba. Wata tsohuwa har cewa ta yi ai danginmu dama ba su daɗe da barin tsafi ba. Ina raba ruwa a lokacin. Mutanen da ka tada wa motoci shekara talatin, ba su iya jira ko kwana uku ba kafin su ce ba ka san aikinka ba.

Ka san aikinka. Ni shaida ce.

Ba ka taɓa kiran sunana ba, don sunan mahaifiyarka aka sa mini. Uwata kake ce mini, ko gaban mutane, ko ina ƙarama ina yawo da majina. Ranar da sakamakon jarrabawa ya fito babu sunana, na shige bayan rumbu na ƙi fitowa. Kowa ya yi ta faɗa. Kai ka zo ka tsuguna bakin rumbun, ba ka ce mini komai kan jarrabawa ba. Ka ce hannunka ya yi girma, akwai wata waya bayan sitiyari da ka kasa kamowa tun safe, ko uwarka za ta taimaki ɗanta. Na fito ina share ido. Daga baya na gane ƙarya ka yi mini, hannunka yana isa wurin sarai. Tun daga ranar nake kai maka abincin rana a gareji, in na kai kuma ba na saurin komawa.

Ka haɗa mini ƙwan fitila da wayoyi biyu, ka ce da shi zan riƙa tambayar ƙarfe ko akwai wuta. Ka koya mini launin wayoyi. Ba ka taɓa yi mini tsawa ba, ko ranar da na ƙona fis uku a jere. Dariya ka yi, ka ce wa masu shan shayi uwarka ta fi wuta zafi.

Ba ni kaɗai ka yi wa alheri ba. Matan da injin ban ruwansu ya mutu ana tsakiyar dashen albasa su faɗa in ƙarya nake. A ƙafa ka tafi fadama da jakar kayan aiki, ka wuni cikin laka, da suka tambayi abin da za su ba ka ka ce su kai wa Gwaggo Hamsatu matarka ganyen miya. Direban da motarsa ta mutu da mai naƙuda a ciki a hanyar Buza ya faɗa. Limamin unguwarmu ya faɗa wa ya gyara lasifikar masallaci duk lokacin da ta shaƙe. Duk suna nan. Na ga fuskokinsu a makoki. Babu wanda ya buɗe baki ya kare ka.

Abu ɗaya ne mutane suke yi maka dariya a kansa, wato wayar mas. Wanda bai sani ba, ita ce waya mai kauri, saƙaƙƙiya kamar kitso, da ke haɗa inji da ƙarfen jikin mota, don wutar da ta fita daga batir ta sami hanyar komawa. Duk motar da aka kawo maka, ko ƙaho ne ya ƙi kuka, sai ka fara shiga ƙarƙashi ka duba mas. Har suna aka sa maka, Malam Mas. Kana saurayi ka yi aiki a Keita, lokacin da ake jera duwatsu a kan tuddai don tare ruwa, kana gyara manyan motocin da ke ɗaukar dutse. Da abin da ka gani can ka fahimtar da ni. Ka ce ruwan da ya sauko daga tudu ba ya tsayawa, in ba a yi masa hanya mai faɗi ba zai tsaga tasa ta tsakiyar gonar mutum. Ka ce wuta ma haka take. In ta fita dole ta koma, in ta tarar da babbar hanya a rufe za ta bi ƙarama, ƙaramar kuma ba ta iya ɗaukarta, sai ta yi ja kamar garwashi.

Saboda haka kake da tsarinka da ba ka canzawa. Inda wayar za ta zauna, sai ka kankare wurin da takardar yashi har ƙarfe ya fito fari yana ƙyalli. Ba fenti, ba tsatsa, ba datti. Ka goge bakin wayar shi ma. Ka sa zobe mai haƙora, ka ɗaure da kile, wato sufana, har sai jijiyar hannunka ta tashi, sannan ka shafa giris a sama don kada tsatsa ta dawo. A sama, ba a ƙasa ba. Sau nawa ka sa na maimaita wannan? Ƙarfe kan ƙarfe, babu komai tsakaninsu.

Da damina ta sauka bana, Alhaji Mahfuzu ya dawo daga Abijan da niyyar tada motar mahaifinsa, tsohuwar kat-san-kat mai buɗaɗɗen baya wadda ta yi shekaru tana kai albasa Madawa kafin a haife ni. Da shanu aka jawo ta zuwa garejinka. Kaji sun yi ƙwai a kujerarta, ɓeraye sun cinye wayoyinta kaf. Kowa ya ce a sayar wa masu tsohon ƙarfe. Kai ka zagaya ta sau biyu, ka shafa ta, ka ce ka san motar nan tun tana amarya, za ta tashi. Wata uku muka yi a kanta. Na ce muka yi, don kowace waya da ke bayan allon gabanta hannuna ne ya ja ta. Mas uku ka sa mata: ɗaya daga batir zuwa shasi (ƙarfen da motar ke zaune a kai), ɗaya daga shasi zuwa jiki, ɗaya can ƙasa daga inji zuwa shasi, wadda ba a ganinta sai an kwanta a ƙasa. Ranar Laraba, takwas ga wata, ka gwada dukansu da fitilata, ina riƙe da waya ɗaya. Ka ce aikin wuta ya ƙare, saura bututun mai da za ka je Madawa ka samo. Alhaji ya ce ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a tada ta gaban jama'a.

Yanzu zan faɗi abin da na gani ranar Alhamis.

Ka tafi Madawa da sassafe, ka ce in zauna gareji in kula da kaya. Da hantsi Nazir ɗan Alhaji ya zo da injin fesa fenti da abokansa biyu. Shi ne ya fesa wa jikin motar shuɗi tun farko, ya koyo a Abijan, kuma ya iya, ba zan hana shi nasa ba. Ya ce babansa ya leƙa ƙarƙashi ya ga shasi duk dabbare-dabbare, wani wuri tsatsa, wani wuri farin ƙarfe da giris, ya ce abin kunya ne jama'a su ga haka, a fesa masa baƙi ya koma kamar sabo. Suka ɗaga motar. Nazir ya kwanta ƙarƙashi. Na ga ya ɗauki kile mai lamba goma sha uku, naka, ya kwance wayar inji don ta tare masa hanya. Ya goge giris ɗin da tsumma da esansi, wato fetur. Ya fesa baƙin fenti mai kauri a wurin da ka kankare, har cikin ramin bulon, ƙusar da ke ɗaure wayar. Ya sake fesawa. Da ya sha iska ya mai da wayar a kai, ya murɗa da yatsu, ya ɗan taɓa da kile. Zoben mai haƙora ya faɗi cikin ƙasa, bai ko neme shi ba.

Na yi magana, Kawu. Allah ya sani na yi. Na matso na ce, Kawu ya ce ba a sa fenti nan. Muryata ce ba ta fita ba sosai.

Ya leƙo daga ƙarƙashi ya ce, “Mi kika ce?”

Na maimaita, ina kallon ƙafata.

Ya ce, “Ke ɗiyar ga, lakwal ta kore ki, kin zo ki koya wa maza aiki? Tahi ki wanke kwanonin Malam Mas.”

Abokansa suka yi dariya. Ɗaya ya ce a ba ni kile in zama patron, mai gareji. Nazir ya kunna fitilu suka kama, ya danna ƙaho ya yi kuka, ya ce to ga wuta nan, sai mi? Ni kuwa na san fitilu da ƙaho ta jiki wutarsu ke komawa, ba ta inji ba. Na sani. Amma na ɗauki kwano na tafi gida ina kuka, kamar yadda ya ce.

Nan ne nawa laifin ya fara, kuma ba zan ɓoye shi ba. Ba ka dawo ba sai bayan na bar gareji. Na ce wa kaina da safe zan faɗa maka. Da safe innata ta tura ni gona roron wake, na ce in na dawo. Da na dawo an sauko daga masallaci, gareji ya cika da maza, manya da rawunna, ana ɗaukar hoto da waya. Kana tsakiyarsu da farar rigarka ta Juma'a, ka naɗe hannu. Tsakanina da kai bai fi taku ashirin ba. Na tsaya jikin katanga. Na ce in sun ragu zan je. Na ce ai zai duba da kansa, kullum yana dubawa. Na manta shekaranjiya ka duba, kuma babu wanda ya gaya maka an taɓa. Ka hango ni ka ɗaga mini hannu, ka ce, “Uwata, zo ki ga ɗiyarki za ta tashi.” Mutane suka juyo suna kallona. Ban je ba. Na rufe fuska da mayafi.

Ka buɗe kapo, murfin inji, ka sunkuya da ɗan gwangwanin esansi don ka ɗiga wa inji ya kama, kamar yadda ake yi wa motar da ta daɗe a kwance. Ka ce Alhaji ya murɗa makulli. Injin ya yi nishi a hankali kamar batir ya mutu. Na ga ka ɗago kai, na ga fuskarka ta canza, ka gane. Ka ɗaga hannu ka ce a tsaya. Amma jama'a na ta cewa a ƙara, a ƙara, Alhaji bai ji ka ba, ya riƙe makullin. Wutar ba ta sami babbar hanya ba, ta bi siririyar wayar totur wadda ta ratsa gefen inda kake ɗiga mai. Daga inda nake na ga hayaƙi, sai kuma wuta ta tashi a fuskarka.

Sauran kowa ya gani. Ba zan rubuta shi ba.

A asibiti ba a bar yara su shiga ba, sai rana ta uku Gwaggo ta shigar da ni. An naɗe ka duka, ido ɗaya ne a waje. Na durƙusa na faɗa maka komai, karon farko a rayuwata da na yi doguwar magana ban tsaya ba. Ban san ko ka ji ba. Yatsanka ya motsa. Gwaggo ta ce ka ji. Ni ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Malamai sun ce ƙaddara ce, kwananka ne ya ƙare. Na yarda. Ko ba mota, ranar Talata za ka tafi, haka aka koya mana kuma haka na yi imani. Amma ƙaddara ba ta ce a yi maka ƙarya ba. Wanda ya rubuta ranar mutuwarka bai umurci kowa ya zauna kan tabarmarka ya ce idonka ya mutu ba. Kuma wanda ya fara faɗin haka, a gabana, yana karɓar ruwa daga hannuna, Nazir ne. Ya ce, “Tsohon ya yi ƙoƙari, amma wayoyin ga sun yi mishi yawa.” Bai ko dube ni ba. Ya san ba zan yi magana ba. Ya riga ya gwada ni.

Ranar sadakar uku, da rana tsaka, na tafi gareji ni kaɗai. Motar na nan inda aka kashe wutarta da ƙasa, gabanta ya ƙone. Na kwanta ƙarƙashi da zanen makokina. Bulon ɗin wayar inji da yatsu biyu na kwance shi. Kawu, kai da kake ɗaurewa sai an taka kile da ƙafa kafin ya motsa. A bakin wayar ga baƙin fenti nan manne, ya kumbura. A jikin shasi ga zagayen wurin, baƙi ƙirin, babu farin ƙarfe ko na ƙwayar gero. Na tona ƙasa da hannu na sami zoben mai haƙora. Na ƙulle su a bakin zanena na kai wa Gwaggo Hamsatu cikin ɗakin takaba.

Innata ta ce in rufe bakina. Ta ce Alhaji babban mutum ne, mu maƙwabta ne tun kakanni, ta ce ɗiya mace ba ta tsayawa gaban maza, kuma magana ba za ta dawo da ɗan'uwanta ba. Tana kuka tana faɗa, ban ga laifinta ba. Gwaggo ta karɓi abin da na kawo. Ta daɗe tana juya wayar a hannunta, sannan ta aika a kira Alhaji.

Ya zo ya tsaya bayan labule. Gwaggo ta miƙa masa wayar ta ƙasan labulen, ta ce in faɗa masa abin da na gani. Na faɗa. Ba mugun mutum ba ne, na ji yana jan hanci. Ya ce shi ne ya sa a fesa, bai san haka abin yake ba. Sannan ya ce don Allah maganar ta tsaya cikin ɗakin nan, Nazir yaro ne mai neman aure, a rufa masa asiri. Da yamma aka kawo buhunan hatsi ƙofar gida.

Gwaggo ta sa aka mai da su. Ta ce a gaya wa Alhaji ba ta kai kowa ƙara ba, ba ta neman diyya, jinin mijinta ta bar wa Allah. Ta ce, “Sunanshi nike so. Inda aka ɓata shi, can za a gyara shi, gaban mutanen da suka ji.”

An yi sadakar bakwai, Alhaji da ɗansa ba su gyara maganar ba. Jiya a bakin rijiya na sake jin wata tana ba wata labarin makanike da ya ƙone kansa. Shi ya sa na ɗauko kaye.

To ku ji, 'yan Tamaske. Alƙasim Isufu bai yi kuskure a motar nan ba. Idonsa ƙalau, hannunsa ƙalau. An kwance aikinsa ba ya nan, an shafa fenti inda ya ce kada a shafa, saboda a burge masu kallo da ƙarƙashin mota wanda ba mai kallonsa. Wayar tana wurin Gwaggo, duk mai shakka ya je ya gani. Ku masu gareji da kuke yi masa dariya, ku kankare ƙarfe kafin ku ɗaura mas, kuma in wani ya taɓa mota bayanku, ku sake kwanciya ku duba ko da kun sa rigar Juma'a. In yarinya ta ce muku wani abu da ƙaramar murya, ku matso ku ji.

Kawu, ban nemi kowa ya yafe mini ba, don wanda zai yafe ba ya nan. Taku ashirin ne. Zan ɗauke su har in tarar da kai.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Alƙasim. Ka sa wutar da ta taɓa shi a duniya ta zama ita ce ta ƙarshe da zai gani. Ka sanyaya kabarinsa, ka faɗaɗa masa shi, ka karɓi sallarsa da azuminsa da duk tafiyar da ya yi a ƙafa don ya taimaki wani. Ka haɗa shi da mahaifiyarsa ta gaskiya a Aljanna Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyya ga Gwaggo Hamsatu, Allah ya ba ki ladan haƙurinki da na tsayuwarki. Ga Karima da ƙannenta, Allah ya zama gatanku. Ga innata da ta rasa yayanta ɗaya tilo, ki yi haƙuri da ni, na saɓa miki, ban iya yin shiru karo na biyu ba. Ga dangi na Keita da na Sabon Gida da duk wanda ya tako ya zo, Allah ya ba da lada.

Kai kuma Nazir, na so in yi maka mugun baki, na riƙe biro na kasa. Na san ba ka tashi da niyyar kashe kowa ba. Na san kuma abin da ke kwana a ƙirjin wanda ya sani ya yi shiru, don ni ma shi ke kwana a nawa. Saura kwana talatin da ɗaya a yi addu'ar arba'in. Mutanen da suka ji ka ranar nan za su sake zama kan tabarmar. Ni na faɗi nawa. Allah ya ba ka ƙarfin tashi tsaye ka faɗi naka.

Zuhura Ado
Tamaske